Littattafai Tara da Ban Kai wa Rabi Ba

Shekara biyar ke nan da muka ɗauki ƙanena Malam Isiyaku daga gidansa na Kurfi muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je in gaida iyalinsa, mu yi masa addu'a, in kamo hanyar Dutsin-Ma kafin la'asar. Bana ma na je. Amma bana na je da wani kaya da ya kamata in sauke tun yana raye, kuma labarin kayan nan nake so in bayar.

Waɗanda suka san shi sun san malamin firamare ne, ya yi shekara talatin da wani abu da alli a hannu. Ni kuwa a aji huɗu na tsaya, mahaifinmu ya ja ni kasuwar hatsi, kuma a nan na tsufa. Mu uku ne maza a wurin mahaifinmu. Ni ne babba, sai Malam, sai autanmu Sule, wanda ya zauna a gidanmu na gado a wani ƙauye da ke yankin Kutawa yana riƙe da gandu. Sule ke noman, amma maganar gandu a bakina take, don ni ne wa. Abin da na ce a shuka shi ake shukawa, ranar da na ce a shiga gona ranar ake shiga.

Ni da Sule an yi mana haihuwa a damina ɗaya, sati guda tsakani. Tawa aka sa mata Zainab, tasa aka sa mata Rabi. Tare aka yaye su, tare suka shiga firamare, ɗaya a makarantar kuɗi a Dutsin-Ma, ɗaya a makarantar gwamnati ta ƙauye mai ɗaki uku da bishiyar darbejiya. Malam ya sha faɗa a gabanmu cewa a duk yaran gidanmu babu mai kan lissafi kamar Rabi. Ina jin haka nakan yi murmushi, in ce a raina malamai dai ba sa rasa wanda za su yaba. Shekarar da cutar korona ta zo, dukansu biyu suna aji shida, suna jiran jarrabawar shiga sakandare.

Da aka ce an rufe makarantu, an ce an rufe wa kowa ne. Haka aka faɗa a rediyo, haka ni ma na riƙa faɗa a bakin rumfata. Amma a gidana ba a yi sati biyu ba malaman su Zainab suka buɗe zaure a waya, kullum da safe darasi na shigowa, da hoto da murya. Na saya mata babbar waya, na sa aka ɗora mini sola a kan rufi don kada caji ya yanke. Idan tana karatu har ƙannenta ake kora waje. Na tuna ranar da na daka wa wani yaro mai tallan yalo tsawa don ya ɗaga murya a ƙofar gida alhali Zainab na sauraron malaminta.

A ƙauyenmu kuwa babu wuta, waya sai ka hau tudun bayan masallaci kafin ta kama. Abin da ya rage wa yaran can shi ne darasin da gwamnati ta sa ake yi a rediyo da hantsi. To, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rediyo na maigida ne. Gidanmu guda ɗaya ke akwai, ta Sule, mai igiya. Da ya idar da asuba yake rataya ta a kafaɗa ya nufi gona, ya saƙale ta a reshen gawo, ba ta dawowa gida sai shi ya dawo. Yaro ba ya taɓa ta, balle ’ya mace ta murɗa ta daga inda uba ya ajiye. Ba mugunta ba ce, haka muka taso muka gani. Darasin yana tashi a gona, a kan reshe, babu mai ji sai masu sassabe.

Malam ne kaɗai a cikinmu abin ya hana sukuni. A lokacin ciwon suga ya riga ya cinye masa ƙafar hagu, ba ya iya hawa babur, ga shi an hana zirga-zirga. Mu masu dakon abinci ne aka bari muna wucewa. Ina da tsohuwar a-kori-kura, duk sati ina Kurfi ɗaukar hatsi, kuma duk sati ina leƙa gandu. Wata rana na biya gaishe shi, na tarar da shi a zaure, ƙafa a miƙe kan matashi, rediyo a gefe, yana rubutu da sauri kamar ɗan makaranta. Sai da aka gama darasin ya ɗago.

“Yaya, zan ɗora maka kaya,” in ji shi. “Kada ka tsorata, bai kai nauyin tiya ɗaya ba.”

Ya miƙo mini littafin rubutu. A bangon ya sa sunan Rabi da manyan baƙaƙe. Ashe kullum sai ya saurari darasin, ya rubuta shi, ya sake bayaninsa da Hausa yadda yarinya za ta gane ita kaɗai. A ƙarshen kowane darasi ya jera tambayoyi, ƙarƙashin kowace tambaya ya bar layi uku ko huɗu babu komai, wurin amsa. Ya ce in kai mata, idan ta cika in dawo masa da shi ya duba.

Na ce, “Haba Malam, har a kulle ba za ka bar yara su sha iska ba?”

Ya ce, “Zainab iskar take sha?”

Na yi dariya, shi ma ya yi. Na karɓa na sa a bayan kujerar mota.

Da niyyar kaiwa na karɓa, Allah ya sani. Amma a satin nan aka yi ruwan shuka. Da na isa ƙauye na tarar kowa yana gona, manya na sara, yara na bi suna zuba iri suna takewa, Rabi da sauran ’yan mata suna kai da kawowa da fura da ruwa. Na duba na ga bana Allah ya kawo mini hannuwa kyauta, tunda babu makaranta. Na san kuma halin Rabi, idan littafin nan ya shiga hannunta za ta zauna, sauran yaran su kewaye ta, aiki ya tsaya. Sai na ce a raina bari a gama shuka tukuna. Da aka gama shuka na ce bari a gama noman firi, wato noman farko. Da aka gama shi, maimai ya taso.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa gona ce ta sa. Ba ita ba ce. Da wani ya ce mini in ɗauke wayar Zainab har a gama noman firi, da na ce ya haukace. Gaskiyar ita ce a cikin kaina karatun Zainab karatu ne, na Rabi kuwa wani abu ne da ake yi kafin a girma. Ban taɓa furta haka ba, amma da shi na yi aiki.

Sati na zagayowa na koma Kurfi. Malam ya tambaye ni, “Yaya, an kai saƙon?” Na ce, “Na kai.” Kalma biyu. Ya ce madalla, ya ci gaba da hirarsa. A gidanmu ƙane ba ya tambayar wansa abu sau biyu. Idan wa ya ce ya yi, to ya yi, sake tambaya kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Malam ya fi ni ilimi nesa ba kusa ba, amma bai taɓa zama a kan kujera ina kan tabarma ba. Na san ba zai sake tambaya ba, kuma a kan sanin nan na jingina. Da aka kwana biyu ya ce ko ta gama na farkon, sai na ce aikin gona ya yi mata yawa, tana yi a hankali. Wato bayan na riƙe mata littafi, na kuma ɗora mata laifin lalaci. Ya miƙo na biyu. Bayan sati biyu ya miƙo na uku.

Da Babbar Sallah ta zo an ɗan sassauta, na ɗauko shi a mota muka tafi ƙauye gaba ɗaya, yana zaune a kan kujerar da littattafansa shida ke bayanta. Bayan an ci nama, yara suka zo gaisuwa. Ya kira Rabi ta durƙusa a gabansa.

“Uwar lissafi, ina aka tsaya? An wuce rabawa mai saura?”

Yarinyar ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Ina nan ina yi, Baba Malam.”

Ya yi mata wata tambaya, daga baya na gane daga shafin farko na littafin farko ya ɗauko ta. Ta kama murza bakin mayafinta. Bai dube ni ba, kuma rashin dubawar nan ya fi mini zafi da a ce ya zage ni. Can ya ce, “Rubutuna ne ya lalace, tsufa ya zo. Tashi ki je, Allah ya yi miki albarka.”

A hanyar komawa mun wuce rabin tafiya sai ya ce, a hankali, yana kallon gonakin gefen hanya, “Yaya, na ga hidima ta yi maka yawa. Akwai wani mai babur maƙwabcina da ke shiga wajen nan, ko in riƙa ba shi?” Ƙofa ce ya buɗe mini in fita da mutuncina. Ni kuwa na taka birki na ce, “Wato ni ne ba ka yarda da ni ba, sai bare?” Ya ce, “Subhanallahi. Ka yi haƙuri, Yaya.” Shi ya ba ni haƙuri.

Mai karatu zai ce, to bayan wannan me ya hana ka kaiwa? Kunya ce, irin marar amfani. Littafi ɗaya ana iya cewa an manta. Shida a lokaci guda kuwa, Sule zai gani, matan gida za su gani, kowa zai san babban wa ya yi wata da watanni yana ƙarya. Kullum sai in ce gobe zan san dabarar da zan yi. Shi kuma Malam bai daina rubutawa ba. Ya san inda suke tsayawa, amma dainawa daidai take da ya faɗa mini a fuska, ba da su ga wani kuma tona mini asiri ne. Sai ya ci gaba da miƙo mini, yana fatan wata rana zan ji nauyi. Har aka buɗe makarantu, sun zama tara.

Ba a daɗe da komawa ba jarrabawa ta zo. Takarda iri ɗaya aka ba yarinyar da ta yi wata shida tana darasi kullum da yarinyar da ta yi wata shida tana dakon fura. Zainab ta ci. Rabi ba ta ci ba. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne abin da na faɗa ranar da sakamako ya fito. Na dafa kafaɗar Sule na ce ya yi haƙuri, kowa da irin kan da Allah ya ba shi. Na ɗauki abin da hannuna ya aikata na jingina shi ga Allah. Ina neman gafararsa a kan wannan fiye da komai.

Malam ya sa aka mayar da Rabi ta maimaita aji shida, ya ce da ƙafarsa ta yi sauƙi zai ɗauko ta ta zauna a wurinsa. Ƙafar ba ta yi sauƙi ba. Kafin wata damina ta kama ya kwanta, kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Na zauna a gefensa sau da yawa, mu biyu kaɗai, maganar tana bakina. Ina ce wa kaina ba a tayar wa majinyaci hankali. Ya rasu ban faɗa ba. Bayan rasuwarsa babu mai tambayar Rabi ina aka tsaya. Ta ga ta fi kowa tsawo a aji, ’yan ajinsu na da sun wuce, sai ta fara fashi, daga nan ta daina. Babu wanda ya hana ta zuwa. Babu kuma wanda ya ce ta koma.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga waya ta yi yawa, har masu dako a kasuwa suna kallon bidiyo a kan buhu. Zai ji manya suna cewa karatu ya koma waya, fom ma a waya ake cikewa, wai duniya ta zo tafin hannun kowa. Na san abin da zai tambaya, don tambayarsa ba ta canzawa: a hannun wa wayar take kwana, kuma ƙarfe nawa take dawowa gida? A ƙauyenmu har yanzu sai an hau tudun bayan masallaci. Abin da ya canza kawai, maigida ya ajiye rediyo ya sa waya a aljihu, ita ma tare suke tafiya gona. Kuma ba sai an yi annoba ake rufe makaranta a wajenmu ba, duk wanda ke yankin nan ya san akwai lokutan da rashin kwanciyar hankali ke sa a ce yara su zauna a gida. Duk ranar da aka rufe, ɗan mai hali yana ci gaba ta wata ƙofa, ɗan ƙauye yana tsayawa cak, ranar jarrabawa kuma a haɗa su a layi ɗaya a ce an yi adalci.

Ina jin mutane suna zagin gwamnati a kan wannan, kuma ba zan ce ba ta da nata ba. Wanda ya sa darasi da hantsi a tsakiyar damina bai taɓa kwana a gidan manomi ba. Amma ni ba ni da bakin zagi. A gidanmu an samu wanda ya cike giɓin da hannunsa, yana zaune da ƙafa ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne tafiyar da nake yi ko da saƙo ko babu. A kaina hanyar ta yanke. Ina zaton a gidaje da yawa akwai irina, wani wa, wani kawu, wanda yake da mota ko waya ko ɗaki mai wuta, ya san yaran ’yan’uwansa suna zaune, ya ce ai makaranta a rufe take.

Da na sayar da motar nan na kwashe littattafan na sa a buhu, na ajiye a lungun sito. Ɓera ya ci gefen na huɗu. Rabi yanzu tana Kurfi, a gidan Malam, wurin matarsa Binta, tana koyon ɗinki. Zainab tana ajin ƙarshe a sakandare, ana maganar jami'a. Bana da zan tafi addu'ar shekara na ɗauki buhun. Bayan mutane sun watse na ce a kira mini Rabi. Ta zo ta durƙusa a zauren nan, daidai inda yake miƙe ƙafarsa. Na zazzage su a gabanta, na faɗa mata komai, tun daga ruwan shuka har zuwa maganar da na yi wa ubanta. Ban taɓa ba yaro haƙuri ba a rayuwata, sai ranar.

Ta daɗe tana shafa bangon na sama. Sannan ta ce, “Baba Alhaji, ai na sani.”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

“Babu kowa. Ranar da kuka ce in ɗauko muku buta a mota, na ga sunana a bayan kujera. Guda uku ne a lokacin.”

“Me ya hana ki magana?”

Ta ce, “Na zaci akwai ranar da kuka sa za ku ba ni.”

Yarinya ’yar shekara goma sha biyu ta ga sunanta, ta mayar da kujera yadda take, ta kawo mini buta. Ta yi ta jira. Da Malam ya tambaye ta ranar Sallah, ta zaɓi a ɗauke ta daƙiƙiya da a ce ta kunyata ni. Mutum biyu suka rufa mini asiri, gurgu da yarinya, ni kuwa ina yawo da babbar riga ana ce mini uban gida.

Ta buɗe na farko. Ta miƙa hannu kan keken ɗinkinta da ke lungun zauren ta ɗauko fensirin da take zana yadi da shi, ta karanta tambaya ta ɗaya tana motsa baki, ta rubuta amsa a layin da ya bar mata. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Sai ta ɗago ta ce, “To wa zai duba mini?”

Ni dai ba zan iya ba, aji huɗu bai kai nan ba. Na dawo gida na faɗa wa Zainab abin da ubanta ya yi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ta yi kuka, sannan ta nemo jan biro. Ban sani ba ko Rabi za ta koma aji. Binta ta ce akwai ajin manya da ake yi da yamma a garin, ita Rabi ta ce sai ta gama taran nan tukuna za ta yanke shawara, ni kuma na daina yanke wa mutane. Shekara biyar ɗin da na ci mata ba za su dawo ba, ko ta yafe, kuma ta ce ta yafe.

Malam bai bar gida mai bene ba, bai bar gona tasa ta kansa ba. Idan aka ce in nuna abin da ya bari, zan nuna layukan nan da ya bari babu rubutu a ƙarƙashin kowace tambaya. Mutum ne da ya yarda cewa yarinyar ƙauye tana da amsa, abin da take buƙata a bar mata wuri kuma a kai mata. Ya ci gaba da barin wurin har bayan ya san ba a kaiwa.

Yanzu duk ranar kasuwar Kurfi nakan shiga motar haya da littafi ɗaya a aljihun riga, in kai wanda aka duba, in karɓo wanda aka cika. Muna kan na uku. Satin da ya wuce ina shiga gida a Dutsin-Ma wayata ta yi ƙara, Rabi ce ta ari ta Binta.

“Baba Alhaji, kun kai?”

Na ce, “Na kai.”

Ta ce, “Kun tabbata? Ba ni Zainab in ji.”

Na miƙa wa Zainab wayar.